Raunin ƙwaƙwalwa: yadda gwajin tunani ke taimaka wa likita wajen hasashen murmurewa

Idan wani naku ya bugu a ka, a hatsarin babur ne ko na mota, ko ya faɗo daga bishiya ko saman gini, tambayar farko da za ku yi ita ce ko zai rayu. Da zarar ya buɗe ido ya fara magana, sai wata tambayar ta biyo baya, wadda ta fi ta farko wuyar amsawa: zai dawo kamar da? Zai koma kasuwa? Za ta iya ci gaba da karatu, ko kula da 'ya'yanta? Za a iya barinsa shi kaɗai a gida?

Babu na'urar da ke ba da wannan amsa kai tsaye. Likitoci suna haɗa alamomi ne da dama, kuma gwajin tunani yana cikin waɗanda suka fi amfani. Gwajin tunani tambayoyi ne da ƙananan ayyuka da ake ba majinyaci domin a auna yadda yake riƙe abu a kansa, yadda yake mayar da hankali, saurin fahimtarsa, da yadda yake tsara al'amuransa. Abin da ya kamata ku riƙe tun daga farko shi ne: makin rana ɗaya ba ya yanke hukunci. Abin da likita ya fi dubawa shi ne inda makin ya dosa daga wannan gwaji zuwa na gaba.

Me ya sa hoton ƙwaƙwalwa kaɗai bai isa ba?

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke zaune a cikin ƙoƙon kai mai tauri. Idan kai ya bugu, ko ya fizgu da ƙarfi, takan daki ƙashi ta ciki. Sassan da suka fi jin jiki su ne na bayan goshi da na gefen kai kusa da kunne, saboda ƙashin da suke zaune a kansa yana da kaushi. A nan ne kuma aikin tsara al'amura, kame kai da adana sabon abu yake. Shi ya sa mutum zai iya tashi yana tafiya da ƙafarsa, amma ya zama mai mantuwa da saurin fushi.

Akwai kuma wani raunin da ke samun siraran jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. Fizgar kai tana iya jan su har su lalace a wurare da yawa. Hoton CT ya ƙware wajen nuna taruwar jini, kumburi da karayar ƙashi, wato abubuwan da ke buƙatar aikin gaggawa, amma sau da yawa ba ya ganin irin wannan lalacewa ta siraran jijiyoyi. Hoton MRI ya fi shi gani, shi ma ba duka yake kamawa ba. Saboda haka ana iya ce muku hoto ya fito lafiya, alhali kuna ganin ɗan'uwanku ya canza. Hoto yana nuna surar ƙwaƙwalwa, gwajin tunani kuwa yana nuna aikinta.

Awo na farko: ma'aunin Gilasgo

Tun a sashen gaggawa ake fara awo. A katin majinyaci za ku ga an rubuta GCS da wata lamba a gabansa. Wannan shi ne ma'aunin Gilasgo, wanda likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da shi a shekarar 1974 a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan. Abu uku yake dubawa: buɗe ido, mai maki 1 zuwa 4, magana, mai maki 1 zuwa 5, da motsa jiki, mai maki 1 zuwa 6. Jimilla tana tashi daga 3 zuwa 15.

- Maki 13 zuwa 15: rauni mai sauƙi.
- Maki 9 zuwa 12: matsakaicin rauni.
- Maki 3 zuwa 8: rauni mai tsanani.

Wannan lamba tana taimakawa ƙwarai wajen sanin hatsarin da rai ke ciki a kwanakin farko. Wajen sanin yadda mutum zai kasance bayan shekara guda kuwa, ƙarfinta kaɗan ne. Maganin barci da ake ba majinyaci, bututun numfashi, kumburin fuska, giya ko ƙwaya a jini, duk suna iya sa makin ya yi ƙasa fiye da ainihin raunin.

Lokacin ruɗewa da mantuwa

Bayan farfaɗowa daga suma, yawancin masu matsakaici ko tsananin rauni sukan shiga wani yanayi na ruɗewa. Majinyaci yana magana, wataƙila ma ya gane ku, amma bai san inda yake ba, bai san ranar ba, kuma abin da aka gaya masa da safe ya ɓace kafin azahar. Zai tambaye ku abu ɗaya sau goma. Yana iya fizge allurar ƙarin ruwa, ya yi zagi, ya nemi fita, ya kwana ido biyu ya wuni yana barci. Wannan ba hauka ba ne, kuma ba rashin kunya ba ne. Mataki ne sananne da ƙwaƙwalwa ke bi kafin ta koma adana abubuwan da ke faruwa. A katin asibiti ana rubuta shi da haruffa PTA.

Tsawon wannan lokaci, daga ranar hatsari zuwa ranar da majinyaci ya koma tuna al'amuran yau da gobe a jere, yana daga cikin alamomin da suka fi nuna yadda murmurewa za ta kasance. Wani likitan jijiyoyi na Birtaniya, Ritchie Russell, shi ya fara nuna haka tun a 1932. A wani rabo da ake yawan amfani da shi yanzu, ruɗewar da ba ta wuce kwana 1 ba tana tafiya da rauni mai sauƙi, wadda ta wuce kwana 1 amma ba ta kai 7 ba matsakaici ce, wadda ta haura kwana 7 kuma mai tsanani ce.

Ba da ido ake auna ta ba, domin majinyaci yana iya gaisawa da kowa cikin ladabi alhali bai fita daga ruɗewar ba. Da gwaji ake aunawa, kowace rana. Biyu ne suka fi shahara:

- Gwajin Galbeston, wanda ake taƙaitawa da GOAT. An wallafa shi a 1979 a Amurka. Ana tambayar majinyaci sunansa, garin da yake, wane irin gini ne wannan, yadda aka kawo shi, abu na ƙarshe da ya tuna kafin hatsarin da na farko bayansa, sannan lokaci, rana, wata da shekara. Makinsa 100 ne. Idan ya samu 76 zuwa sama kwana biyu ko uku a jere, gwargwadon ƙa'idar asibitin, ana ɗauka ya fita daga ruɗewa.
- Gwajin Westmead, daga wani asibiti a birnin Sidni na Ostireliya. Tambayoyinsa 12 ne, cikinsu har da tuna fuska da sunan mai gwajin, da hotuna uku da aka nuna jiya. Sai an ci 12 cif kwana uku a jere.

Daga abin da masu kula da gyaran naƙasa suka tattara a kan manya masu rauni mai tsanani, idan majinyaci ya fara bin umarni, kamar a ce ya ɗaga yatsu biyu ya ɗaga, kafin mako biyu, ko ruɗewarsa ta ƙare kafin wata biyu, da wuya ya ƙare rayuwarsa yana dogaro da wani a komai. Idan kuwa ya haura wata guda bai fara bin umarni ba, ko ruɗewar ta wuce wata uku, da wuya ya koma daidai yadda yake a da, ko da yake yana iya samun sauƙi mai yawa. Ku lura da kalmar "da wuya". Maganar galibi ake yi, akwai waɗanda suka saɓa wa lissafin ta kowane ɓangare.

Cikakken gwajin tunani

Sai bayan ruɗewa ta wuce cikakken gwaji yake da ma'ana. Kafin nan, kusan kowa faɗuwa zai yi. Mai yin gwajin yakan zama masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, ko likitan ƙwaƙwalwa, ko ma'aikacin da ke koya wa majinyata komawa ayyukan yau da kullum.

Akwai gajerun gwaje-gwaje na minti goma ko makamancin haka, waɗanda ake yi a bakin gado ko a ɗakin ganin likita. MMSE, wanda ya fito a 1975, makinsa 30 ne. MoCA ma makinsa 30 ne, ana ɗaukar 26 zuwa sama a matsayin daidai, kuma ya fi MMSE kama matsalar tsara al'amura da ake yawan gani bayan bugun kai. Duka biyun na tantancewa ne kawai. Suna nuna ko akwai buƙatar a zurfafa bincike.

Dogon gwaji yana ɗaukar awa biyu zuwa huɗu, wani lokaci a raba shi kwana biyu. Ga abin da ake aunawa:

- Mayar da hankali. Ana karanto lambobi a ce majinyaci ya maimaita su, sannan ya maimaita su daga ƙarshe zuwa farko.
- Saurin aiki da tunani. Ana ba shi jerin alamomi, kowace da lambarta, a ga nawa zai haɗa daidai cikin daƙiƙa 90. Jinkirin tunani yana daga cikin matsalolin da suka fi yawa bayan bugun kai.
- Koyon sabon abu. Ana karanto kalmomi 15 sau biyar, a ga ko adadin da yake riƙewa yana ƙaruwa, sannan a sake tambayarsa bayan kamar minti ashirin zuwa talatin.
- Sauya hankali daga wannan zuwa wancan. Ana ba shi takarda ya ja layi daga 1 zuwa A, zuwa 2, zuwa B, haka har ƙarshe, ana duba agogo.
- Harshe. A ce ya lissafo sunayen dabbobi iya yawan da zai iya cikin minti guda, ko ya faɗi sunan abin da ke cikin hoto.
- Gani da tsari. Zana agogo, ko kwaikwayon wata siffa.

Ana kuma tambaya game da barci, ciwon kai, damuwa, fushi da tsoro, kuma akan nemi jin ta bakin wanda ke zaune da majinyacin. Dalili shi ne raunin gaban ƙwaƙwalwa yakan hana mutum ganin matsalarsa. Zai ce muku lafiyarsa ƙalau gobe zai koma aiki, alhali ya bar tukunya a kan wuta sau uku a mako.

Me sakamakon ke iya nunawa?

Bincike da dama ya nuna cewa masu kyakkyawan sakamako a watannin farko, musamman a tuna sabon abu, saurin tunani da tsara al'amura, sun fi samun komawa aiki ko makaranta da zama da kansu. Gwajin yana kuma nuna wa masu gyara inda za su sa ƙarfi. Wanda matsalarsa mantuwa ce ana koya masa amfani da littafi da ƙararrawar waya. Wanda matsalarsa jinkiri ce ana rage masa yawan aiki da hayaniya, a ƙara masa lokaci.

A ɗauka mutum biyu ne suka samu maki 18 a gwajin MoCA wata biyu bayan hatsari. Na farko makinsa 11 ne a watan da ya wuce. Na biyu 22 yake da shi a watan da ya wuce. Lamba ɗaya ce a takarda, amma na farko yana kan hanya, na biyu kuwa yana buƙatar a binciki abin da ya same shi. Bayan bugun kai, abin da ake tsammani shi ne sauƙi, ko aƙalla tsayawa wuri ɗaya. Komawa baya yana sa a nemi dalili: taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, jinin da ke taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, farfaɗiyar da ba a lura da ita ba, zazzaɓi, raguwar gishiri a jini, illar magani, ko ciwon damuwa. Yawancinsu suna da magani.

Game da lokaci, sauƙin da ya fi sauri yakan zo a wata uku zuwa shida na farko. Daga nan sai ya rage gudu, amma yana ci gaba har shekara ɗaya zuwa biyu, wasu ma fiye. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Amurka mai suna TRACK-TBI, wanda aka wallafa a 2021, ya bi masu rauni mai tsanani har shekara guda. A mako na biyu, kamar mutum ɗaya cikin takwas ne kawai ya kai matsayin da za a iya barinsa a gida na sa'o'i ba mai kula da shi. Bayan shekara, kusan rabinsu sun kai wannan matsayi. Waɗannan majinyata sun samu kulawar manyan asibitoci, don haka ba za a ɗora alƙaluman a kan kowa ba, amma darasin a fili yake: yadda mutum yake a mako na biyu ba shi ne ƙarshen labarinsa ba.

Sauran abubuwan da likita ke haɗawa

Ba a karanta gwajin tunani shi kaɗai. Shekaru suna da tasiri sosai, wanda ya haura 65 murmurewarsa ta fi wuya. Ana duba ko baƙin tsakiyar ido yana tsukewa idan an haska shi, abin da hoto ya nuna, ko hawan jini ya faɗi ƙasa ko iska ta yi ƙaranci a sa'o'in farko, da sauran raunukan jiki. Akwai lissafi biyu da aka sani, CRASH da IMPACT, da ke haɗa irin waɗannan alamomi su ba da kaso. An gina na CRASH a kan majinyata sama da 10,000 daga ƙasashe 49, masu arziki da masu tasowa. Abin da irin wannan kaso ke faɗa shi ne yadda mutum ɗari masu irin wannan rauni suka kasance. Ba ya nuna ko naku yana cikin waɗanne.

Ana kuma la'akari da yadda mutum yake kafin hatsarin: iliminsa, sana'arsa, ko ya taɓa buguwa a ka, ko yana shaye-shaye, ko yana da ciwon damuwa, da irin goyon bayan da yake samu a gida.

Abin da ke iya ɓata sakamako

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje an tsara su ne a Turai da Amurka, domin mutanen da suka yi karatun boko. Wannan babban abin lura ne a ƙasar Hausa. Manomin da bai taɓa riƙe fensir ba zai sha wuya wajen zana agogo ko da ƙwaƙwalwarsa lafiya take. Malamin da ya haddace Alƙur'ani, yake rubutu da ajami, yana iya kasa jera A, B, C. Tsohuwar da ke lissafi da watan Musulunci da ranakun kasuwa ba lallai ta san ranar watan bature ba, kuma da yawa daga cikin dattawanmu ba su riƙe ranar haihuwarsu ba. A gwajin MoCA na asali ana nuna hoton zaki, karkanda da raƙumi. Raƙumi kowa ya san shi a nan, karkanda kuwa mutum nawa ne suka taɓa ganin ko hotonta?

Masu gwajin sun san da wannan. MoCA yana ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, kuma akwai wani nau'insa da aka sauƙaƙa domin masu ƙarancin karatu. A Ibadan, masu binciken ciwon mantuwar tsufa sun fito da gwajin da ake jera tsinken ashana huɗu a kwaikwayi wata siffa, a maimakon zane da fensir. Gwanin mai gwaji zai iya ce wa ɗan kasuwa ya cire naira bakwai-bakwai daga naira ɗari, ko ya tambayi wace salla aka yi ta ƙarshe. Naku shi ne ku gaya masa gaskiyar karatun majinyaci, ku kuma nemi a yi gwajin da harshen da ya fi iyawa. Idan sai da tafinta, gara ma'aikacin asibiti da ɗan'uwa, domin ɗan'uwa yakan gyara amsa ba da saninsa ba.

Sauran abubuwan da ke rage maki su ne rashin barci, ciwo, yunwa, magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su tiramadol, wasu magungunan farfaɗiya da na barci, raunin ji ko gani, karayar hannun da ake rubutu da shi, da fargaba. A ɗaya ɓangaren, yawan maimaita gwaji ɗaya yana sa maki ya hau saboda sabo. Shi ya sa ake barin tazara, ko a canza kalmomin.

Idan raunin mai sauƙi ne

Yawancin masu bugun kai suna cikin wannan rukuni: suma ta ƙasa da minti 30 ko babu ita sam, da ruɗewar da ba ta kai wuni da kwana ba. Ciwon kai, jiri, gajiya, ƙin haske da hayaniya, da wahalar nutsuwa abu ne da aka saba gani a kwanakin farko. Galibi sukan warware cikin makonni, kuma zuwa wata uku sakamakon gwajin tunaninsu yakan koma daidai. Ana so a huta kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a koma harkoki sannu a hankali. Kwanciya a ɗaki mai duhu na makonni ba ta taimakawa. Idan alamomin sun wuce wata guda, ku koma asibiti. Sau da yawa abin da ke riƙe su shi ne matsalar barci, ciwon wuya, jiri daga cikin kunne, damuwa, ko firgicin hatsarin, kuma kowanne ana iya magance shi.

Idan majinyaci bai dawo hayyacinsa ba

Wasu sukan buɗe ido amma ba sa magana ko bin umarni. Su ma akwai gwajinsu, mai suna CRS-R, wanda makinsa ke tashi daga 0 zuwa 23. Yana duba abubuwa kamar bin madubi da ido, juyowa wajen sauti, ko miƙa hannu ga wani abu. Ana maimaita shi a ranaku da lokuta daban-daban, domin irin wannan majinyaci yana iya amsawa da safe ya kasa da yamma. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Amurka ta fitar a 2018 ta gargaɗi likitoci da kada su yanke cewa babu fata a cikin kwana 28 na farko. Ta kuma bambanta raunin bugu da raunin rashin iska, kamar na wanda zuciyarsa ta tsaya ko ya nutse a ruwa: a na bugu sai bayan wata 12 ake kiran yanayin daɗaɗɗe, a na rashin iska bayan wata 3. Idan kun ga wata amsa da ma'aikata ba su gani ba, ku faɗa musu lokacin da abin da ya jawo ta, ko ku ɗauka da waya.

Rawar da za ku taka

Likita bai san ɗan'uwanku kafin hatsari ba, ku kuka san shi. Ku samu littafi ku riƙa rubuta ranar hatsari, ranar da ya buɗe ido, ranar da ya fara bin umarni, ranar da ya fara tuna wanda ya zo dubiya jiya, da duk makin da aka gaya muku. Idan aka tura ku wani asibiti, wannan littafi zai yi amfani ƙwarai.

A lokacin ruɗewa, ku rage 'yan dubiya. Mun san zumunci ne ke kawo su, amma cikar ɗaki tana ƙara masa ruɗewa. Mutum ɗaya ko biyu a lokaci guda sun isa. Ku riƙa gaya masa inda yake da ranar da ake ciki cikin taushin murya, kada ku yi ta yi masa jarrabawa da "ka gane ni?", kuma kada ku yi gardama da shi. Kada a sa shi sa hannu a takarda, ko a yi ciniki ko yanke wata babbar shawara da shi a wannan hali.

Ranar gwaji, ya samu barci, ya ci abinci, ya zo da tabarau idan yana sawa, da dukan magungunan da yake sha, har na gargajiya. Kada ku koya masa amsoshi a hanya. Makin da aka samu ta haka yana iya sa a sallame shi ko a bar shi ya hau babur tun bai shirya ba. Tuƙi, hawa sama, aiki da injin niƙa ko wuta, duk a jira izinin likita, musamman idan an taɓa samun jijjiga. Bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi illa, don haka idan an koma hawa babur, hular kwano dole ce.

Yara kuma sai an daɗe ana bibiyarsu. Yaro yana iya zama kamar ya warke, matsalar ta bayyana bayan shekara ɗaya ko biyu da karatu ya ƙara nauyi. Ku sanar da malamansa abin da ya faru.

Tambayoyin da za ku yi wa likita

- Nawa ne makin GCS ɗinsa da aka kawo shi, nawa ne yanzu?
- Ya fita daga lokacin ruɗewa? Kwana nawa ya yi a ciki?
- Wane gwaji aka yi masa, kuma an yi la'akari da harshensa da karatunsa?
- A ina ya fi rauni, a ina ya fi ƙarfi?
- Me zai iya yi shi kaɗai yanzu, me ke buƙatar sa ido?
- Yaushe za a sake gwajin?

Alamomin komawa asibiti nan take

Ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, barci mai nauyi da wuyar tashi, jijjiga, mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, ruɗewa sabuwa, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ruwa ko jini daga hanci ko kunne, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko maganar kashe kai. Ga tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini, waɗannan alamomi suna iya zuwa makonni bayan faɗuwar da aka raina.

Inda ake samun gwajin

Gajeren gwaji kowane likita zai iya yi a babban asibiti. Dogon gwaji an fi samunsa a asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri. A Nijar, a fara da likitan da ya duba majinyaci a babban asibitin jiha ko na ƙasa, shi zai tura ku inda ya dace. Turawa asibitin ƙwaƙwalwa ba yana nufin an ce ɗan'uwanku ya haukace ba, a can ne masu wannan gwaji suka fi yawa. Kafin a sallame ku, ku nemi takardar turawa da ranar dawowa, ku zo da littafinku.